Jar Motar Alhaji Garba da Rabin Labarin da Na Ɓoye Miki

Zaitawa, Birnin Kano
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, kin yi sallah, kin ci abinci, Goggonki Hajara kuma ta gama jero miki tambayoyinta. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raba ki da mugun direba da mugun abokin aiki, ya sa kin shiga wannan aiki da ƙafar dama.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna a ƙasan akwatin sifanunki. Innarku ce ta jawo. Shekaranjiya ina cin tuwo ta zauna ta zuba mini ido, ta ce, "Malam, yarinyar nan ran Asabar za ta tafi. Sau biyu tana tambayata ko ranka ya so tafiyar. Ta ce tunda takardar ɗaukar aiki ta zo ba ka ce mata komai ba sai madalla." Na ce to me ya fi madalla? Sai ta ɗauke kwanon miyar ta shige ɗaki da shi.

Kin san gidan da kika fito. Kakanninmu sun bar shanu sun shigo birni, amma ba su baro kunyar ɗan fari a daji ba. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba. Ni ma ban taɓa kiran naki ba, tunda aka haifi ƙannenki kika zama Yayarsu a bakina. Yabo kuwa ido da ido, sai dai wani ya yi miki. To tunda baki ya ƙi, bari mu gwada biro. Aikin da kika samu shi ne duba manyan motocin gudu na hannu kafin mai saye ya biya, ni kuwa ba ni da guzurin da zan ba ki da ya wuce kurakuraina a kan jar motar Alhaji Garba. Kin san rabin labarin. Ɗaya rabin shekara uku ke nan ina zaune a kansa.

Ranar da Alhaji Garba mai fatu na Soron Ɗinki ya kawo ta garejina a Ƙofar Dawanau, aiki ya tsaya cak a layinmu. 'Yar Italiya ce, ta Kwatano aka shigo da ita, ja wur, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa cikinta na neman shafar kwalta. Dattijo mai sittin da ɗoriya, sai da ya cire hula ya tattare babbar riga sannan ya samu ya fito.

Na ce, "Alhaji, wannan kuma a wane lungun za a ajiye ta?"

Ya ce, "Malam Sabo, tun ina saurayi nake ganin irinta a jikin kalanda. Yanzu Allah ya hore, sai in tsaya jiran lungu ya yi faɗi? Kai dai duba min ita. Duk sanda za ta canja giya sai ta yi shiru kamar mai tunani, can kuma ta buga min ƙeya da kujera."

Na leƙa ƙasan sitiyari, na ga abin takawa biyu ne, totur da birki, babu kuloci. Ban kwanta a ƙarƙashinta ba, ban buɗe komai ba. Ga masu walda da masu faci duk sun kewaye ni suna jiran su ji abin da mai shekara talatin a gyaran giya zai ce. Na ji nauyin in ce ban taɓa ganin irinta ba. Sai na daki bonet na ce, "Otomatik ce, Alhaji. Ta daɗe a ajiye ne. Ka riƙa tuƙa ta yadda kake tuƙa babbar motarka, in ta sha hanya za ta saki jiki."

Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya haifi sauran. Ke yanzu kin fi ni sanin cewa ba otomatik ba ce. Giyar hannu ce sak, da faifan kuloci irin na kowace tsohuwar tasi, sai dai an hutar da ƙafar hagun direba an ɗora aikin a kan famfon mai da kwamfuta, aka kuma maƙala 'yan kunnuwa biyu a bayan sitiyari don canja giya. Da na kwanta a ƙasa na minti biyar da na gane tsohuwar ƙawata. A can inda za ki, masu kallo za su fi na layinmu yawa, wasu ma zuwa za su yi musamman don su ga mace ta kasa. Kada idonsu ya sa ki raɗa wa abu suna kafin ki shiga ƙarƙashinsa. "Ban sani ba tukuna, bari in duba" ba ta taɓa kashe makanike ba.

Bayan wata guda aka tashi auren Nura, ɗan Alhaji. Alhaji ya ce lallai a jar mota za a ɗauki ango daga wurin ɗaurin aure zuwa gaida surukai, kuma ni zan tuƙa, wai ni na san halinta. Na sa sabuwar shadda, na murza hula, ina jin kaina har sama. Kin san yadda ayarin ango yake a cikin birni: motoci a jere, abokan ango a kan babura suna ɗaukar hoto, 'yan adaidaita sahu suna kutsowa, masu baro ba sa kaucewa. Tun daga bakin Soron Ɗinki tafiyar hawainiya muke yi. Na ɗora ƙafa a totur ɗan kaɗan ina jan ta a hankali, in an tsaya in bar ta a giya, in an matsa taku biyu in matsa taku biyu. Ga tudun rage gudu da ba ta iya hawa kai tsaye, sai na yi ribas na karkace, sau uku ana haka.

Can Nura ya ce, "Baba Sabo, kamar wani abu na ƙauri."

Na ce, "Masu tsire ne."

Babu mai tsire ko ɗaya a wurin. Muna isa Ƙofar Dawanau, dab da garejina, inda kowa ya san ni, sai ta yi ƙara, wata fitila ta kama a gabana, ta zare kanta daga giya ta koma firi. Na ja kunnen dama, na ja na hagu, na karanto abin da na iya, ko gezau. Ango da farar shaddarsa a adaidaita sahu ya ƙarasa gidan surukai, abokansa kuma suka tura jar mota zuwa gareji, mai faci yana tafa musu. Da Alhaji ya iso na riga shi magana, na ce, "Motocin Turawan nan ba su san zafin Kano ba."

Ƙarya na yi wa mota, ita kuwa ba ta da bakin kare kanta. Abin da na yi mata shi ne abin da nake yi wa direbobin tasi faɗa a kai kullum: tafiya a rabin kuloci. Don ban ga kuloci a ƙarƙashin ƙafata ba sai na ɗauka babu shi, alhali yana ciki yana gogewa har ya ƙone. Irin waɗannan motoci ba sa son rarrafe. A cunkoso sai a bari na gaba ya ba da tazara, a taka ta tafi sosai, a tsaya a mayar da ita firi. Ribas kuwa, musamman a kan tudu, shi ne babban maƙiyinta.

Don haka in mai saye ya tambaye ki ko suna da ƙarko, kada ki ce i, kada ki ce a'a. Ki fara tambayarsa unguwar da yake zaune da hanyar da yake bi kullum. Ƙarafan cikin giyar suna da ƙarko, na gani da idona. Abin da ke gajiya shi ne kuloci da famfo da batir, kuma yawanci ƙafar mai motar ce ke kashe na farkon. Wanda rayuwarsa duk cunkoso ce da kai yara makaranta, ki gaya masa gaskiya ko da cinikin zai lalace. Kuma in kin yi kuskure kada ki ɗora wa ƙarfe, ko rana, ko Turawa.

Da na sauke giyar na buɗe, sai ga abin da na sani tun ina da gashi baƙi. Na ce wa giyar, ashe ke ce. Aka yi odar sabon kuloci, muka yi makonni muna jira, ya zo na ɗaura shi da hannuna, ɗauri mai kyau, wannan kam ba zan yi ƙaryar tawali'u ba. Na tayar, na sa giya, sai mota ta riƙa zabura tana tsayawa kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na sake saukewa, na sake ɗaurawa. Na kuma saukewa. Gyaran gangar auzinawa dai, kullum sai ta fi jiya lalacewa.

Lokacin kin gama karatun injiniya kina zaman jiran bautar ƙasa. Ba ki tunkare ni ba, kin san hali. Innarku kika aiko, ta ce, "Wai ta ce sai an gaya wa kwamfutar motar cewa an sa sabon kuloci." Na ce mota ce ko surukata, da sai an kai mata labari? Na ƙara da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mako uku na ƙara ina wahala a kan wannan magana. Alhaji bai taɓa yi mini faɗa ba, sai dai duk bayan kwana biyu ya aiko a gaishe ni a tambayi iyali. Wallahi da gaisuwar nan gara zagi.

Ranar wata Juma'a da safe sai ga ki da kwanon koko da ƙosai, wai an aiko ki kawo mini karin kumallo, abin da ba a taɓa yi ba. Da kika ajiye sai na ga jakar kwamfutarki a ƙarƙashin hijabi, da wata igiyar waya da kika aro a makarantarku. Na juya baya na kama wanke wani noti da na riga na wanke.

Kika ce, "Baba, don Allah ɗan buɗe ƙofar direba. Kada ka tayar, ka saurara kawai."

Na buɗe. Sai na ji wani ɗan kuka siriri daga bayan motar, ya yi kaɗan ya ɗauke.

Kika ce, "Ka ji? Famfon ne yake tara ƙarfin da zai taka kuloci. In ya yi gajere haka lafiyarsa lau. In ya daɗe yana kuka, ko yana yawan tashi, to ya gaji."

Wata biyu ina jin wannan kukan duk sanda na buɗe ƙofa, ban taɓa tambayar kaina na mene ne ba. Kika sa aka cika batir, kika jona igiyarki, kika nuna wa kwamfutar inda sabon faifan yake fara kamawa, domin ita har lokacin da awon tsohon da na ƙona take aiki. Kafin kokon ya huce kin gama. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa nawa mako uku a banza. In kin je can za ki tarar da wanda ya fi ki, za ki kuma tarar da wanda bai kai ki ba amma ya san abu ɗaya da ba ki sani ba. Ki tambaye shi. Kuma duk motar da aka kawo miki, kada ƙyallin fenti ko ƙarancin tafiyar da agogonta ya nuna su ruɗe ki. Ki buɗe ƙofa ki saurara, ki jona igiyarki ki karanta abin da ya rage a kuloci, ki rubuta shi yadda yake, ko mai sayarwa zai ɓata rai.

Yanzu bari in zo wurin da nake so. Muka fita gwaji ni da ke, ina tuƙi kina gefe, muka wuce kasuwar Dawanau muka miƙi hanyar Katsina, safiyar Juma'a hanya fayau. Na ja kunnen dama, ta buga mini ƙeya kamar yadda Alhaji ya faɗa. Na ce to ga shi nan, ba ta gyaru ba.

Kika ce, "Baba, in za ka canja, ɗan ɗaga ƙafarka daga totur kaɗan, yadda kake yi a giyar hannu."

Na ɗaga, na ja, na mayar. Ta shige sumul, ko motsi ban ji ba. Na sake, haka. Ashe ba ciwo ba ne, ɗabi'a ce. Shirun nan da take yi kuloci take takawa, tana jiran direba ya taya ta da ƙafarsa kamar yadda aka saba tun fil azal. Na rage gudu na ja kunnen hagu, sai injin ya yi gurnani da kansa ya daidaita, abin da na yi shekaru ina koya wa ƙafata. Dariya ta kama ni.

Sai kika dubi gaba, kika dubi madubi, kika ce, "Hanya ba kowa. Yanzu taka, kada ka ɗaga."

Na taka. Yayarsu, ni da na je Makka a jirgi ban ji abin da na ji ranar ba. Injin yana ihu a bayan kunnena, na ja kunne, ta dake ni a baya, hulata ta faɗa bayan kujera, na ji bakina yana kabbara ba da izinina ba. Ke kuwa kina dariya har da hawaye, kina cewa, "Baba birki, Baba ya isa!" Rabon da in ji daɗi irin wannan tun ranar da na fara tuƙa mota ni kaɗai. A dawowa na ba ki sitiyari. Kika kawo mu har gareji ba ta zabura ko sau ɗaya ba, a cunkoson kasuwa kina barin tazara kina mayar da ita firi. Ni kuwa na juyar da kai ina kallon gonaki, don kada ki ga fuskata.

Na ji an ce sababbin da ake yi yanzu masu kuloci biyu ne, suna canja giya ba a ji. Madalla da su. Amma wannan tsohuwar tana son direba ya sa hannu a aikin, in ya kyautata ta saka masa, in ya yi sakaci ta buga masa ƙeya. Akwai mai sayen da abin da yake nema ke nan, akwai wanda zai tsane ta cikin mako guda. Ki zaunar da mutum a kujera ki koya masa ɗaga ƙafa kafin ya yanke shawara. Gudun nan kuwa sau ɗaya ya isa, kuma har yau Innarku ba ta san mun yi shi ba, ki bar shi a haka.

Saura babban kuskuren, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan an sauko daga masallaci Alhaji ya zo. Na koya masa ɗaga ƙafa kamar ni na ƙirƙiro, ya zaga ya dawo yana washe baki. Ya kama hannuna a gaban mutanen layi ya ce, "Jama'a, in ka ji wane ba banza ba. Abin da ya gagari kowa Malam Sabo ya yi shi." Kina zaune a benci a bayan motar kina naɗe igiyarki. Na san kina ji. Na ce, "Alhamdu lillahi, yin Allah ne." Kika ɗauki kwanon koko kika tafi gida, ba ki taɓa tayar da maganar ba har yau.

Na gaya wa kaina kunya ce, mutum ba ya yabon 'yar fari a bainar jama'a. Rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa yabon ne ya yi mini daɗi bayan dariyar da aka yi mini ranar biki. Kunya ta hana ni yabonki, amma ba ta ba ni izinin cinye haƙƙinki ba, ni na haɗa su don su yi mini sauƙin haɗiya. Ke kada ki yi haka. Wanda ya taimake ki a aiki ki faɗi sunansa a gaban maigidan. In kuma wani ya ɗauki naki ya sa a aljihu, ki yi magana cikin ladabi, kada ki ɗauki kwano ki tafi gida. Shirun da kika yi mini na uba ne, ba kowa ya cancance shi ba.

Jiya bayan la'asar na sa riga na tafi Soron Ɗinki. Na tarar da Alhaji a zaurensa da dattawan majalisarsa, an baza tabarma ana shan shayi. Bayan gaisuwa na ce ina da magana. Na faɗa musu komai: ni na ƙona kulocin, ba zafin Kano ba, kuma ba ni na gyara ba, 'yata ce. Sai Alhaji ya fashe da dariya har yana ƙwarewa da shayi.

Ya ce, "Malam Sabo, ai tun a makon Hajiya ta kawo min labari, mai ɗakinka ce ta faɗa musu a gidan suna. Duk wanda ke zauren nan ya sani. Ido muka zuba mu ga ranar da Fulatancin zai sake ka."

Wani tsoho mai carbi a gefe, wanda na lura tun shigowata yake neman tsokana, ya ce, "To ai 'ya'yanka mata uku ne. Wacce daga ciki?"

Na ce babbar.

Ya ce, "Mu ba mu san babba ba. Ba ta da suna ne?"

Suka zuba mini ido suna murmushi. Na dubi tabarma, na dubi ƙofa. Sannan na faɗa, da ƙarfi, har na waje ya ji. Rufin zauren bai faɗo ba. Alhaji ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na ce a'a Alhaji, wannan karon barewar ce ta yi rarrafe har ta ƙona kuloci. Aka yi ta dariya, aka yi miki addu'a, na dawo gida a ƙafa ina jin jikina sakayau.

To ga amsar tambayar da kika yi wa Innarku. Raina ya so tafiyar nan, ya so ta ƙwarai. Tun ranar da kika ce in buɗe ƙofa in saurara na san kin wuce ni, kuma ban taɓa jin daɗin a wuce ni ba sai a wannan karon. Ina alfahari da ke. Ran Asabar a tasha wataƙila ba zan ce komai ba sai madalla, ki yi haƙuri da tsohonki, ki san abin da ke cikinta.

Ki riƙe sallah a kan lokaci, ki riƙe mutuncinki, ki ji maganar Goggonki ko da ta yi yawa. Ki gaishe ta da mutanen gidanta. Innarku da ƙannenki suna gaishe ki, Alhaji Garba ma ya ce in kin zo hutu jar mota na jiran ki duba ta. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a hannunki da kunnenki, ya dawo mana da ke lafiya.

Allah ya yi miki albarka, Sa'adatu.

Mahaifinki,
Sabo